Zoɓo, tafarnuwa ko zogale: wanne mai hawan jini zai riƙa?

Watan jiya aka auna Baffana a asibiti aka samu 152 bisa 94, aka ce ya dawo bayan sati biyu, ya koma aka sake samun kusan haka, toh daga nan fa gida ya rikice. Kafin la'asar guruf ɗin gidanmu na WhatsApp ya cika da likitoci, Goggo tace zoɓo, wani yayanmu da ke zaune a Sakkwato yace shi dai tafarnuwa ɗanya a haɗiye guda uku da safe kafin a karya, Inna kuwa bata ma tsaya rubutu ba ta tura yara suka tsigo zogale a bayan gida. Shi kuma Baffa mutum ne da baya son ƙwaya ko kaɗan, cewa yake duk wanda ya fara shan maganin hawan jini ya zama bawan kemis har kabari. Da yake ni ne na ɗan taɓa karatun sinadarai sai ya kira ni yace kai ɗan boko zo nan ka faɗa min gaskiya, a cikin ukun nan wanne ne magani wanne ne surutu. Abin da na gaya masa ne zan ɗan faɗaɗa anan, don na san ba gidanmu kaɗai ake wannan gardamar ba, a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin manya uku jininsa a sama yake kuma da yawa basu ma sani ba.

Na fara da ce masa Baffa sunan tsiro ba shi ne yake aiki a jiki ba. Abin da ke aiki shi ne sinadarin da ya baro ganyen ya shiga kofi, daga kofi ya samu ya shiga jini, kuma da yawan da zai iya taɓa wani abu. Ganye ɗaya in ka jiƙa shi a ruwan sanyi abin da zai fito daban, ka tafasa shi daban, ka shanya a rana ka daka daban. Shi yasa in kaji ance bincike ya nuna kaza yana sauke jini sai ka tambaya, wane ɓangaren tsiron, da me aka tatso shi, kuma wa aka ba, ɓera ko mutum. Da wannan ma'aunin ukun nan ba ajinsu ɗaya ba ko kusa.

Zoɓo dai kowa ya san shi, soɓorodon yakuwa ne, wannan jan kofaton da ke rufe da 'ya'yan bayan fure ya faɗi. A Sudan karkade suke ce masa, a Ghana sobolo, a Nijar zakaji bisaf a bakin masu Faransanci, Meziko kuma su ne manyan masu sayen namu, wanda ake nomawa a Jigawa ake tarawa a wajajen Maigatari da yawansa can yake tafiya. Jan launin nan da ke ɓata farar riga shi ne wajen kallo, sinadarai ne da ake kira antosayanin, manyansu guda biyu, dalfinidin da sayanidin, kowanne maƙale da wani nau'in sikari na tsiro. Tsamin kuma daga asid ne kala-kala, akwai irin na lemun tsami, akwai irin na tsamiya, akwai wanda shi zoɓon ne ma aka sa masa sunansa. Abin da ya sa zoɓo ya yi sa'a shi ne duk waɗannan suna narkewa a ruwa, wato tukunyar Goggo da ruwan randa sun isa su fito da su, ba sai an nemi wani sinadarin tatsa na ɗakin gwaje-gwaje ba. Wannan ba ƙaramin abu bane, zakaga dalili in mun zo kan zogale.

Ta hanya biyu ake ganin yana aiki. Akwai wani inzayim a jiki, wato irin sinadarin da aikinsa juya wani abu ya koma wani, shi ke haɗa sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, shi ne wanda ƙwayoyi irin su kaftofiril da lisinofiril suke toshewa, toh a 2010 masu bincike a Meziko sun nuna antosayanin ɗin nan biyu suna toshe shi a kwalbar gwaji. Ta biyu kuma yana sa fitsari, yana fitar da gishiri daga jiki, wannan ko ba bincike duk wanda ya sha zoɓo da yawa da daddare ya sani. Ni a nawa ganin hanya ta biyun ta fi muhimmanci garemu, don sanannen abu ne a wajen likitoci cewa baƙar fata sun fi amsa maganin da ke sa fitsari da irin su amlodifin akan dangin lisinofiril in an bada shi shi kaɗai.

Amma abin da ya ɗaga zoɓo a kan sauran shi ne an gwada shi a jikin mutane, kuma a yadda ake shan sa. A jami'ar Tufts da ke Amurka an ɗauki mutum 65 da jininsu ya fara hawa kuma basa shan ƙwaya, aka raba su biyu, wasu kofi uku na shayin zoɓo kullum, wasu ruwa mai kala da ɗanɗano na bogi, har sati 6, aka buga sakamakon a 2010. Lambar sama ta awon jinin masu zoɓo ta sauka da 7.2, ta masu na bogi da 1.3, waɗanda kuma suka shigo da jini mafi hawa tasu ta sauka da wajen 13. Duk zoɓon da suke sha a wuni bai kai giram 4 ba. A Meziko a 2004 an haɗa shi da kaftofiril, giram 10 na busasshen zoɓo a rabin lita na ruwa kullum kafin karin kumallo na sati 4, aka tashi ba a ga wani bambanci tsakaninsu ba, amma da aka sake a 2007 da lisinofiril ƙwayar ce ta fi. Nan gida ma a Inugu an gwada shi da ƙwayar fitsarin nan haidirokulorotayazaid a 2015 kuma zoɓon bai ji kunya ba. Da aka tattara gwaje-gwajen wuri ɗaya a 2015 matsakaicin abin da aka samu shi ne kamar 7 da rabi a sama, 3 da rabi a ƙasa. Gwaje-gwajen ƙanana ne kuma gajeru, sati huɗu zuwa shida, wannan dole a faɗa, amma dai kusan duk hanya ɗaya suka nuna.

Toh ba anan gizo ke saƙar ba. Zoɓon da aka gwada ba shi ne zoɓon da muke sha ba. Na tsaya a kicin ina kallon ƙanwata tana haɗa na sayarwa, ta tafasa shi ya daɗe a wuta har ruwan ya koma kamar baƙi, ta ɗauko 'yar jar kanwa ta jefa don ta kashe tsami, nan take ya yi kumfa launin ya juya daga ja ya koma wani duhu mai shuɗi-shuɗi, sannan ta kawo sikari gwangwani bayan gwangwani, ga filebo ga kala. Wannan juyawar launin da ido ke gani antosayanin ne ke canja siffa, shi a cikin tsami yake zaune lafiya, da zarar kanwa ta kashe tsamin sai ya fara lalacewa, doguwar tafasa ma tana cin sa. Sannan ita kanwa duk da 'yan kudu na ce mata fotash, sodiyom ne ya cika ta, ɗan uwan gishiri, wato abin da aka ce mai hawan jini ya rage shi ne aka zuba masa a cikin maganin. Sikari kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi kar babba ya wuce kamar giram 50 a wuni, cokalin shayi 12 kenan har da na shayin safe da na koko, gora biyu na zoɓon bakin titi na iya cinye wannan kason. An gudu ba a tsira ba kenan, musamman ga wanda ke da ciwon suga a gefe.

In magani ake so, a samu ja ko baƙin zoɓo mai duhu, farin soɓorodo na miya ne, yana da tsamin amma babu antosayanin ɗin. A ɗauraye shi sama-sama saboda ƙasa, a tafasa ruwa a sauke sannan a zuba, a rufe minti goma a tace. Citta da kanumfari ba laifi, su ne ma za su sa ya shawu ba sikari. Masu olsa wasunsu tsamin na tayar musu, kuma yana cin haƙori in ana kurɓa duk wuni, gara a sha a kuskure baki. Akwai kuma maganar haɗuwa da wasu magunguna, a Sudan a 1994 an nuna karkade da ruwan tsamiya da lemun tsami suna rage yawan kulorokwin da ke shiga jini sosai, a jami'ar Jos kuma a 2004 anga farasitamol na ɗan saurin fita daga jiki in an sha zoɓo. Don haka ƙwaya da ruwa ake shan ta, ba da zoɓo ba.

Tafarnuwa ita labarinta ya fi daɗi ta fuskar sinadarai, amma ta fi wahalar sha'ani. Ɗauki guda ɗaya ka ɓare a hankali ba tare da ka ji mata ciwo ba ka shinshina, kusan babu wari. Dalili kuwa sinadarin da ke warin babu shi a ciki tukunna. Abin da ke ciki wani ne mai suna aliyin mai ɗauke da farar wuta, shi yana ɗaki ɗaya, inzayim ɗin da zai juya shi mai suna aliyines yana wani ɗakin, sai an daka ko an tauna ko an yanka bangon ya fashe su haɗu, cikin 'yan daƙiƙu a samu alisin, shi ne mai yajin da warin. Wani masani Chester Cavallito ne da abokin aikinsa suka fara ware shi a Amurka a 1944, su lokacin maganin ƙwayoyin cuta suke nema. Shi alisin baya zama, nan da nan yake rikiɗa zuwa wasu sinadaran farar wuta, kuma a 2007 masu bincike a jami'ar Alabama sun nuna jajayen ƙwayoyin jini suna juya waɗannan su zama iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, 'yar kaɗan ɗin da ake samu tana sa jijiyar jini ta saki jiki ta buɗe. Abin dariya, warin da ake gudu da aikin da ake nema tushensu ɗaya.

Kaga anan shawarar yayanmu ta Sakkwato ta samu matsala. In ka haɗiye ta guda ba tauna, bangon bai fashe ba, ta isa ciki kuma tsamin ciki yana kashe inzayim ɗin, kusan ka sha wahalar banza. In kuma ka jefa ta cikin miya tun farkon girki zafi ya kashe inzayim ɗin kafin ya yi aiki. Dabarar da masu bincike suka gano ita ce a daka a bar ta ta sha iska kamar minti goma, sannan a ci ko a zuba a abinci dab da saukewa. Sai kuma wari. Baffa mutum ne na sahun farko, kuma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, Sayyidina Umar ma a huɗubarsa cewa yayi wanda zai ci su ya kashe su da dahuwa. Toh dahuwar da ke kashe warin ita ce ke rage alisin ɗin. Kuma warin ba a baki kaɗai yake ba balle aswaki ya gama da shi, wani ɓangaren ta jini yake bi ya fito ta numfashi da gumi har washegari. Da na kawo nan Baffa yace shikenan an gama da wannan, nace ku dai tsaya ku ji sauran.

A lissafi tafarnuwa bata baya. Wata mai bincike a Ostireliya, Karin Ried, ta tattara gwaje-gwaje 12 na mutum 553 masu hawan jini a 2020 ta samu saukar kamar 8 a sama da 5 a ƙasa, wanda ya yi daidai da na zoɓo ko ma ya ɗan ɗara. Sai dai kusan duk ba da tafarnuwar kasuwa aka yi su ba, da ƙwayoyin garin tafarnuwa ne da aka auna, yawanci miligiram 600 zuwa 900 a wuni, ko kuma wani tsimi da ake jiƙa ta a ruwa da itanol, wato sinadarin barasa, har wajen wata 20, wanda a cikinsa alisin ya tafi sai wani sinadarin daban mara wari ya maye gurbinsa. Shi wannan daga waje ake kawo shi, da tsada, kuma ga wanda maganar itanol ke damu sai ya tambayi malaminsa. Ƙungiyar Cochrane masu tsananin tace bincike kuwa da suka duba a 2012 gwaji biyu kacal suka ga sun cika sharaɗinsu, suka ce hujjar bata isa a ce tafarnuwa na hana shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ba. Wato hujjar na nan amma ta kwalbar kemis ce, ba ta tiyar da aka auno daga Wurno ko Goronyo ba, ita ba wanda ya san nawa ne ke cikin kowane dunƙule.

Kuma a cikin ukun ita ce ta fi faɗa da magungunan asibiti. Tana rage daskarewar jini, don haka mai shan wafarin ko asfirin ko wanda za a yi wa tiyata ya yi hattara, likitoci kan ce a dakatar da ita sati ɗaya zuwa biyu kafin aiki. A 2002 an nuna tana rage wani maganin ƙanjamau mai suna sakwinabir a jini da kusan rabi. Ɗanyarta a cikin da ba komai tana ƙona ƙirji, mai olsa kam kar ma ya fara, har fata tana ƙonawa in an ɗaura ta ta kwana. Masu jiƙa ta cikin mai su ajiye a ɗaki su ma su sani, a 1985 a Bankuba ta Kanada mutum 36 suka kamu da gubar botulizim daga yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye cikin mai ba a firji ba. Wadda ake sawa a miya kullum dai ba wanda yace a bari, magana ake ta wanda ya mai da ita magani yana ci da yawa.

Sai zogale, wanda in ka bi ta bakin masu talla a mota da lasifika babu cutar da baya warkarwa. Ni ina son zogale, kuma a matsayin abinci ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba, busasshen ganyensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, ga kalsiyom ga sinadarin ƙarfe ga fotasiyom ga abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Ta fuskar magani kuma yana da kwasetin da kamfarol, da wani mai suna gulukomoringin wanda shi ma kamar tafarnuwa sai inzayim ya taɓa shi yake komawa moringin, wannan ɗan yajin da kake ji a maƙogwaro in ka tauna ɗanyen ganye. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun nuna jiƙon ruwan sanyi ne ke bada moringin, tafasasshen ruwa kashe inzayim ɗin yake. Mu kuma yaya muke yi, mu dafa shi ya yi laushi mu matse mu zubar da ruwan don ɗaci ya fita.

Maganar hawan jinin ta samo asali ne tun wajen 1994, lokacin da masu bincike a Karachi ta Fakistan suka tatso wasu sinadarai daga ganyen da itanol, niyazinin da 'yan uwansa, suka yi wa ɓeraye allura jininsu ya sauka. Ka lura da kyau, itanol, allura, ɓera. Tsakanin wannan da kwanon kwaɗon Inna akwai tafiya mai nisa. A jikin mutane abin da ake da shi kaɗan ne, misali a Tailan a 2017 an ba masu ciwon suga giram 8 na garin ganyen kullum na sati 4, mutum 32 ne duka gwajin, sugan bai sauka fiye da na masu shan na bogi ba, jinin ya ɗan nuna alamar sauka amma bai kai yadda za a rantse ba. Ga kuma yadda muke cin sa, ƙuli-ƙuli mai gishiri, magi dunƙule biyu uku, a ƙara gishiri a kai, ana magani kai na kaba. Saiwa da ɓawon itacen kuma a bar su, akwai sinadarai masu guba a ciki, kuma mai ciki kar ta kusance su sam. 'Ya'yan da wasu ke taunawa kamar gyaɗa suna sa gudawa in an yawaita, su aikinsu da aka tabbatar shi ne tace ruwa mai laka, matan karkara a Sudan sun daɗe suna yi. Mai ciwon ƙoda shi ma ya tambayi likita kafin ya dage da garin zogale saboda fotasiyom, balle in yana kan lisinofiril da shi ma ke tara fotasiyom a jini.

Toh in mutum ɗaya zai zaɓa, ni zoɓo zan ce, ba don ya fi tafarnuwa a lamba ba, sai don shi kaɗai ne abin da aka gwada ya yi kama da abin da za ka iya haɗawa a gida da kuɗi kaɗan, ka auna da cokali, ka sha kullum ba wanda ya matsa daga kusa da kai a sahu. Tafarnuwa ta biyu, ta fi dacewa da wanda tsamin zoɓo ke damu ko wanda ke da halin sayen ƙwayar da aka auna mai lambar NAFDAC, in dai baya shan maganin tsinka jini. Zogale a ci shi a matsayin ganye, a rage masa gishiri, amma kar a jingina da shi. Wani zai ce ina habbatus sauda, ita ma an gwada, saukar da ake samu ƙarama ce, kamar 3 a sama, bata kai waɗancan biyun ba. Masu haɗa ukun a tukunya ɗaya su tafasa kuwa sun kashe inzayim ɗin tafarnuwa, sun kashe na zogale, sun dafe launin zoɓo, ga ɗanɗano ba daɗi.

Sai dai lissafin yana da iyaka kuma shi na fi nanata wa Baffa. Hawan jini daga 140 bisa 90 yake farawa. Wanda yake 145 in ya samu saukar 7 ya shigo ƙasa da layi, wanda yake 175 in ya samu 7 yana nan a 168, har yanzu a bakin rami yake, shi ƙwaya ce tasa ba gardama, galibi ma kala biyu. Wani babban gwaji da likita Dike Ojji na jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da akwai amlodifin a ciki ya fi yi wa mutanenmu aiki. In awo ya kai 180 bisa 120, ko da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi ko baki ya karkace ko hannu ya mutu, asibiti ne a lokacin ba a tsaya jiƙa komai ba. Mai ciki da jininta ya hau ita ma ba ruwanta da duk wannan lissafin, jijjiga ake tsoro, awo za ta je. Wanda kuma ya riga ya fara ƙwaya kar ya ajiye don ya samu zoɓo, kuma ya gaya wa likitansa yana sha, don su biyun in sun haɗu jinin na iya sauka fiye da kima ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi. Masu cewa ƙwaya ta Bature ce ganye kuma na Allah, na gaya wa Baffa shi kaftofiril ɗin ma daga binciken dafin wani maciji na Birazil aka samo shi, ya yi dariya yace ashe Bature ma gardi ne.

Akwai na huɗu da babu wanda ya ambata a guruf, rage gishiri, kuma kyauta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tace gishirin wuni kar ya kai giram 5, cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke cikin magi da burodi da yajin tsire da kanwar da ake sa wa wake da miyar kuka. Mai hawan jini in ya rage kamar cokalin shayi guda daga abin da ya saba, lambar sama kan sauka da wajen 5, kusa da abin da zoɓon ke bayarwa, kuma ana iya haɗa su. Wannan ne ya fi wahala a gidanmu, don da na faɗa Inna cewa tayi ita ba za ta yi girkin asibiti ba, sai da Baffa da kansa ya sa baki aka koma magi dunƙule biyu maimakon biyar a tukunyar dare.

Yanzu dai abin da ake yi, likitan ya ba shi amlodifin miligiram 5, ya yi ta ƙunƙuni amma yana sha da ruwa bayan asuba, kuma mun gaya wa likitan maganar zoɓon yace ba laifi a dai riƙa aunawa. Goggo ce ke haɗa shi, cokalin cin abinci biyu na busasshe a ruwan zafi rabin lita da 'yar citta, ba sikari ba kanwa, kofi ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar, ba a kai shi dare saboda fitsari. Mun sayo na'urar awo ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, yana zama ya huta minti biyar ya jingina bayansa ya ɗora hannu a kan tebur sannan a auna, safe da yamma, jikarsa ce ke rubutawa a bayan wani tsohon littafin lissafinta na firamare, shi za mu kai wa likita ranar komawa.